Yadda Ake Auna Ingancin Rayuwar Mai Ciwon Ƙoda Da Ya Yi Nisa

Ka tambayi mai ciwon ƙoda a Katsina ya jiki, amsa ɗaya ce: "Da sauƙi, Alhamdulillahi." Ko da ya kwana zaune yana susa har aka kira Asuba, ko da rabonsa da cin tuwo ya ƙoshi tun kafin Salla, haka zai ce. Tarbiyya ce da tawakkali, ba abin zargi ba ne. Sai dai likita ba zai iya aiki da wannan amsa ba. Takardar gwajin jini kuwa tana faɗin yawan kiriyatinin da yuriya da fotasiyam, wato sinadaran da ke taruwa a jini in ƙoda ta gaza, amma ba ta faɗin ko mutum yana iya tsayuwa a salla, ko ya rufe shagonsa, ko ya fara jin ya zame wa 'ya'yansa nauyi. Mutum biyu za su zo da sakamako kusan iri ɗaya, ɗaya ya hau babur ya tafi kasuwa, ɗayan ko buta ba ya iya ɗauka.

Abin da takardar jini ba ta gani shi ake nema da awon ingancin rayuwa. Tambayoyi ne tsararru da ake yi wa marar lafiya shi kansa, a mayar da amsarsa lamba, a ajiye, bayan wani lokaci a sake yi a gwada. Bayanin nan na ma'aikatan jinya ne da malaman asibiti na ƙananan hukumomi da ɗalibai masu bincike, da kuma 'yan'uwa masu jinya a gida.

Mataki na farko: san wanda za a auna

Ciwon ƙoda mai daɗewa hawa biyar ne, ana raba su da lambar da ake kira eGFR, wadda ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Hawa na 4 shi ne daga 15 zuwa 29, hawa na 5 kuwa ƙasa da 15. Waɗannan biyun ake nufi da ciwon da ya yi nisa. A cikinsu akwai wanda bai fara wankin ƙoda ba, akwai mai yi, akwai kuma wanda ba zai yi ba, ko don tsufa, ko don rashin hali, ko don haka ya zaɓa. Dukansu ana auna su. Ni a ganina na ƙarshen nan ya fi kowa buƙata, domin da zarar an ce ba za a yi wanki ba sai kowa ya ɗauka aiki ya ƙare, alhali ƙaiƙayi da tashin zuciya da rashin barci duk akwai abin da ake yi musu.

Wanda ya ruɗe, ko yake haki, ko zazzaɓi ya rufe shi, ba ranar tambaya ba ce, ranar magani ce. Wanda bai cika wata 3 da fara wanki ba a dakata masa da doguwar takarda, jikinsa bai zauna ba tukuna.

Mataki na biyu: zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kansa

Wanda ya fi shahara shi ne KDQOL-36, takardar tambayoyi da aka tsara don masu ciwon ƙoda. Asalinsa wata doguwar takarda ce mai tambaya 134 da masu bincike a Amurka suka fitar a 1994, daga baya aka taƙaita ta zuwa 36. Cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ke ba da ita kyauta a intanet. Kashi huɗu ce: tambaya 12 kan lafiyar jiki da ta zuciya (wato tunani da natsuwar rai) gaba ɗaya, waɗanda ake kira SF-12; tambaya 4 kan nauyin da ciwon ya ɗora wa mutum; 12 kan alamomi; sai 8 kan yadda ciwon ya shiga harkokin yau da kullum. Yawancinsu suna tambaya ne a kan mako 4 da suka wuce. A Amurka cibiyoyin wankin ƙoda suna yi wa kowane marar lafiya irin wannan awo sau ɗaya a shekara.

Idan marar lafiya ya galabaita, tambaya 36 ta yi masa yawa. Sai a ɗauki gajeren ma'aunin ESAS na masu ciwon ƙoda, wanda aka tsara a Edimonton ta Kanada. Shi alamomi kawai yake bi, kowace daga 0 zuwa 10: ciwo, gajiya, gyangyaɗi, tashin zuciya, rashin son abinci, sarƙewar numfashi, baƙin ciki, fargaba, ƙaiƙayi, rashin barci, rashin natsuwar ƙafa da dare, da yadda mutum yake jin kansa gaba ɗaya. 'Yan mintoci ya ishe shi. Akwai EQ-5D mai tambaya 5, akwai WHOQOL-BREF na Hukumar Lafiya ta Duniya mai tambaya 26, amma waɗannan na kowane irin ciwo ne, ba su san ƙaiƙayi ko ƙishirwa ba.

Shawarata ga ɗakin wanki: KDQOL-36 duk wata 6, ESAS duk wata. Ga masu jinya a gida ESAS kaɗai ya wadatar. Abin da ba a yi shi ne sauya ma'auni a tsakiya. Wanda ya auna gero da tiya yau, gobe ya auna da wani kwano, ba zai san ko hatsin ya ragu ba.

Mataki na uku: a rubuta Hausar sau ɗaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kowace nas ta riƙe takardar Turanci tana fassarawa da ka. Ta safe ta faɗa ta wata hanya, ta yamma ta faɗa ta wata, sai a ga lamba ta sauya alhali marar lafiya yana nan yadda yake. Ku zauna ku uku ko huɗu, ku rubuta Hausar, ku ba wani mai jin harsunan biyu wanda bai ga ta asali ba ya mayar da ita Turanci, ku duba inda ma'ana ta kauce. Sannan ku karanta wa wasu marasa lafiya, maza da mata, na birni da na ƙauye, kuna tambayar su me suka fahimta. Masu bincike a Jami'ar Bayero ta Kano sun fassara SF-12 zuwa Hausa, suka gwada shi a kan masu ciwon baya, suka wallafa a 2020. Wannan ya rage muku aiki a kashi na farko.

Wasu misalan takardar asali ba na nan ba ne. Tana maganar tura injin shara da wasan golf da hawa bene mai hawa da yawa. Dattijuwar da ta fito daga Mashi ko Baure, ku ce mata shara, daka, jan ruwa a rijiya, ɗaukar bokiti. Ma'anar ita ce aiki mai matsakaicin nauyi, a riƙe wannan. Idan bincike ne za a wallafa, sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, kuma a bayyana duk sauyin da aka yi.

Mataki na huɗu: yaushe, a ina, gaban wa

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace.

Kada a tambayi mutum bayan an cire shi daga injin wanki. A lokacin jiri yake ji, jikinsa ya mutu, duk abin da ka ce zai ce e don ka ƙyale shi. A yi kafin a ɗora shi, ko cikin awa ta farko. Kuma a riƙe rana ɗaya: in ranar Talata aka auna shi da farko, ranar Talata za a sake, domin wanda ya yi kwana huɗu ba wanki ba ɗaya yake da wanda ya yi kwana biyu ba. Wanda ya taso daga Daura ko Mai'aduwa ko Jibiya da sassafe, a bar shi ya huta, ya yi salla in lokaci ya yi, kafin a fara.

Sai batun wanda ke zaune a gefe. A wurinmu ba a barin marar lafiya shi kaɗai, kuma wannan alheri ne babba. Amma ɗaya daga cikin tambayoyi 4 na nauyin ciwo ita ce ko mutum yana jin ya zame wa iyalinsa nauyi. Yaya uba zai amsa wannan a gaban ɗan da ya sayar da gonarsa don kuɗin wanki? Uwa kuma da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗi, ba za ta ce masa fitsari ya ɗauke mata ba, balle suruki. Miji yakan riga matarsa amsawa, ba da mugun nufi ba, sabo ne. Don haka a sallami ɗan rakiya cikin mutunci: "Alhaji, a ɗan ba mu wuri mu gana da Hajiya, yanzu za mu kira ka, kai ma akwai naka tambayoyin." Kuma a cika alkawari, a kira shi, domin mai jinya ma yana da gajiyar da ba wanda ke tambayarsa.

Gadajen ɗakin wanki kusa da juna suke. A ja labule, a sassauta murya. Tambayar mu'amalar aure mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, kuma tun kafin a kai wurin a ce, "Akwai wadda ta shafi zaman iyali, in kin ga dama ki amsa, in ba ki so mu wuce." Wanda ya ce a wuce, a wuce.

Kafin tambaya ta farko a gaya masa abu uku: ba jarrabawa ba ce, ba za a rage masa komai ba saboda amsarsa, kuma ba rajistar tallafi ba ce. Na ukun nan yana da muhimmanci. In mutane suka zaci takardar rabon kuɗi ce, amsoshi za su karkata.

Mataki na biyar: tambayar kanta

A gaisa sosai tukuna, a bar "da sauƙi" ta fito ta wuce, ita gaisuwa ce. Sannan a kafa lokaci. "Mako huɗu" ba ya zama a kan kowa, amma "daga Juma'a huɗu da suka wuce zuwa yau" ko "kasuwa huɗu" yana zama.

A karanta tambaya yadda aka rubuta ta. Kada a ce, "Ƙaiƙayin ya ragu ko?" domin wannan ka ba shi amsa ne a baki. A ce, "Baba, a Juma'a huɗun nan, yaya ƙaiƙayi ya dame ka?" sannan a jero amsoshi biyar: bai dame ni ba sam, kaɗan, tsaka-tsaki, sosai, ya kai matuƙa. Wanda biyar suka yi wa yawa, a raba masa biyu: ya dame ka ko bai dame ka ba? In ya ce ya dame shi, sai a bi sauran huɗun. Ga ma'aunin 0 zuwa 10, wanda bai saba da lamba ba a zuba masa ƙwayar wake goma a faranti, a ce, "In duka goman nan su ne ƙarshen wahala, ware mini naka." Tsofaffi sukan gane wannan nan take.

Alamomi 12 na KDQOL-36 su ne ciwon tsoka, ciwon ƙirji, ɗaurewar jijiya, ƙaiƙayi, bushewar fata, sarƙewar numfashi, jiri, rashin son abinci, mutuwar jiki, sagewar hannu ko ƙafa, tashin zuciya, da matsalar wurin da ake jona inji, wato fistula (jijiyoyin jini da likita ya haɗa a hannu) ko roba a wuya ko cinya. Takwas na harkokin yau da kullum kuwa su ne taƙaita ruwa, taƙaita abinci, aikin gida, tafiye-tafiye, dogaro da ma'aikatan asibiti, damuwa, mu'amalar aure, da kamannin jiki.

In ya yi shiru, a jira. In ya shiga labari, a saurara, a rubuta abin da ya ce a gefen takarda da bakinsa, sannan a dawo da shi: "To a cikin biyar ɗin, wanne ya fi kusa?" Kada kai ka zaɓa masa.

Bayan an gama, akwai shafi na biyu da nake ganin kowane ɗakin wanki a jihar nan ya kamata ya ƙara, amma ba a haɗa shi cikin lissafin lamba. Yana salla a tsaye, a zaune, ko a kwance? Yana zuwa Juma'a? Yana iya tsugunno a bayi ba taimako? Yaushe rabonsa da zuwa suna ko ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa? Wanki nawa likita ya rubuta a watan nan, nawa aka samu yi, me ya hana sauran? Ƙa'ida ita ce sau 3 a mako, kusan awa 4 kowane zama, amma da yawa daga cikin mutanenmu sai kuɗi ya samu suke zuwa, kuma takardar da aka tsara a Amurka ba ta tambayar me aka sayar ko wa aka ranta a wurinsa.

Tambaya ɗaya ta fi sauran daraja a wannan shafi: "Bayan an cire ki daga inji, sai yaushe kike dawowa daidai?" A karɓi amsar da lokutan salla: kafin La'asar, sai Magariba, sai washegari. Wani babban bincike kan masu wankin ƙoda a ƙasashe da yawa mai suna DOPPS ya nuna cewa masu daɗewa kafin su farfaɗo sun fi yawan kwanciya asibiti, sun kuma fi shiga haɗarin mutuwa. Lissafin ma a fili yake. Mutumin Daura da ke bin hanyar nan mai kusan kilomita 80 zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi sau biyu a mako, in sai washegari yake dawowa daidai, kwana huɗu cikin bakwai sun tafi.

Mataki na shida: lissafi

A kashin alamomi da na harkokin yau da kullum, kowace amsa tana da maki: bai dame ni ba 100, kaɗan 75, tsaka-tsaki 50, sosai 25, matuƙa 0. A haɗa, a raba da adadin tambayoyin da aka amsa. Wadda aka tsallake ba a ba ta sifili, fitar da ita ake yi.

Misali, a ce wata mata ta amsa takwas ɗin nan haka: ruwa 25, abinci 50, aikin gida 50, tafiya 0, dogaro da ma'aikata 75, damuwa 25, ta tsallake ta aure, kamanni 75. Jimla 300, a raba 7, ya ba da kusan 43. Lamba mai yawa ita ce mai kyau. Kashin nauyin ciwo shi ma daga 0 zuwa 100 ne, wanda ya ce lallai ya zama nauyi shi ne mai 0. SF-12 kuwa ba a yin sa da hannu, akwai shafin lissafi na kwamfuta da RAND ta tanada, yana fitar da lamba biyu, ta jiki da ta zuciya. A waɗannan biyun 50 shi ne matsakaicin mutanen Amurka, don haka kada a karanta 45 a ce mutum ya faɗi.

A kula, ESAS akasin haka yake tafiya: lamba mai yawa ita ce wahala. Daga 1 zuwa 3 kaɗan, 4 zuwa 6 tsaka-tsaki, 7 zuwa 10 mai tsanani. A rubuta wannan da manyan haruffa a saman takarda, don sabon ma'aikaci kan rikita su.

Mataki na bakwai: me za a yi da lambar

Takardar da aka cike aka cusa a fayil ɓata lokacin marar lafiya ce. A ranar da aka yi ta a zagaye amsoshi uku mafiya muni da jan biro, a tambaye shi wanne yake so a fara da shi, a kai wa likita.

Wasu amsoshin ba sa jira. Ciwon ƙirji, numfashin da ke hana kwanciya, ruɗewa, zazzaɓi ga mai roba a jiki, jini daga fistula, ko mutum ya ce ya gaji da rayuwa har yana tunanin cutar da kansa, nan take a ajiye biro a kira likita.

Sauran kowanne da ƙofar da yake nunawa. Mutuwar jiki tana sa a duba ƙarancin jini, a ga ko ana buƙatar sinadarin ƙarfe ko allurar ƙara jini. Ɗaurewar jijiya da jiri a kan inji sau da yawa alama ce ta ana janye ruwa da yawa cikin gaggawa, sai a sake duba nauyin da aka ƙayyade masa da yawan gishiri da dunƙulen miya da kanwa a abincinsa. Ƙaiƙayi yana sa a duba yawan sinadarin fosfet a jini da bushewar fata da isar wankin. Rashin son abinci da tashin zuciya kan nuna wankin bai isa ba. In ciwo ne ya yi yawa, a tambaya kai tsaye me yake saya a kemis, domin diclofenac da ibuprofen da Feldene suna ƙarasa ɗan ƙarfin da ya rage wa ƙoda, haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. A yi tambayar ba da faɗa ba, in ba haka ba za a ɓoye maka. In lambar zuciya ce ta yi ƙasa, a bi ta da PHQ-9, ma'aunin baƙin ciki mai tambaya 9, maki 10 zuwa sama na buƙatar ganin likita. Baƙin ciki mai nauyi ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba ne, kuma ya kamata a faɗa wa iyali haka a fili.

A rubuta yanayi a gefen kwanan wata. A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke kai maki 40, tambayar taƙaita ruwa za ta faɗi ƙasa ga kusan kowa; da hunturu kuma ƙaiƙayi da bushewar fata ne za su tashi. Haka watan azumi. Wanda bai rubuta wannan ba zai ɗauka ciwo ne ya ƙaru. Bambancin maki biyu ko uku ga mutum ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne. Abin dubawa shi ne amsar da ta tsallake hawa biyu, ko lambar da ke sauka awo uku a jere.

Ga masu jinya a gida

Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa. Duk Juma'a bayan La'asar mutum ɗaya, ba a canja shi, ya zauna da marar lafiya da faranti da wake goma, ya bi alamomin ESAS. A ƙasa ya rubuta yadda ya yi salla a makon, nawa ya ci daga abin da aka zuba masa, da ruwan da ya sha. Ledar fiya wata rabin lita ce, da ita ake ƙiyasi cikin sauƙi, kuma koko da kunu da fura da zoɓo da shayi duk ruwa ne, a lissafa su. Yawan da aka yarda ya sha likita ne ke faɗa, gwargwadon fitsarin da yake yi. Duk alamar da ta kai 4 a nuna wa nas a zuwa na gaba, wadda ta kai 7 kuwa a buga waya ko a tafi, kada a jira ranar.

Idan awo bayan awo yana sauka duk da an gyara abin da za a iya gyarawa, sai a nemi zama na musamman: likita, marar lafiya, da waɗanda shi ya zaɓa daga iyalinsa. A shimfiɗa takardun a jere bisa kwanan wata, a tambaye shi me ya fi so a kare masa a cikin abin da ya rage. Wani zai ce a ƙara wanki ko da za a sayar da fili. Wani, in shekaru da jiki da hali sun ba da dama, a tura shi Asibitin Malam Aminu Kano, inda ake dashen ƙoda tun 2002, a duba ko ya dace. Wani kuma zai ce hanya ta ishe shi, a bar shi a gida a riƙa kula da ƙaiƙayi da numfashi da ciwo. Kowanne aka zaɓa a rubuta shi a fayil da kwanan wata da sunayen waɗanda suka halarta, a sa ranar awo na gaba kafin a tashi.